Cajin tsohuwar Peugeot 504: a gyara altanato ko a sayi wani?

Tun 1975 kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma har yau akwai 504 da yawa a kan titi. Wani ciwon da ke damun masu ita shi ne batir ya kwana lafiya, ya wayi gari babu wuta. Kafin ka nufi kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗi a aljihu, sa mitar auna wuta ta faɗa maka abin da ya lalace, don sau da yawa altanato, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ba shi da laifi.

Auna kan batir mota a kashe. Cikakken batir yana ba da bolt 12.6, idan ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Tayar da inji, ka ɗan taka totur, ka kunna fitilun gaba: ana son 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da 13 babu caji. Sama da 15 kuwa katawut, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin caji, ya saki, zai dafa ruwan batir ya ƙona ƙwan fitila. Danna fanbel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya. Sannan kankare kan batir da wayar da ke haɗa inji da bodi, domin tsatsa a wurin nan kaɗai tana iya cinye rabin bolt. Kada ka yarda mai rewaya ya cire kan batir inji na aiki wai don gwaji. Wutar da ke tashi a lokacin tana kashe dayod, wato ƙananan sassan cikin altanato da ke barin wuta ta wuce gefe ɗaya kawai.

Idan laifin na altanato ne, gyara shi ne zaɓinmu na farko, musamman in na asali ne irin Paris-Rhône, Ducellier ko SEV Marchal. Gawayin da ke gogar zoben jan ƙarfe shi ya fi saurin ƙarewa. In ya gaza milimita 5, a canja. Boris mai kuka ma abu ne mai sauƙi. Dayod da ta mutu tana da alama biyu: batir na zuƙewa da dare, kuma mita a ɓangarenta na auna wutar AC (ba AC mai sanyaya mota ba) tana nuna fiye da rabin bolt. Amma in koyil ya yi baƙi yana warin ƙuna, a haƙura, naɗin hannu ba ya cika daɗewa.

In gyara ya gagara, altanato na gwanjo shi ke biye. Juya fule da hannu ka saurara, ka girgiza shi ka ji ko yana wasa, kuma kada ka biya sai an gwada shi a gabanka da lodi. Sabo marar suna mai arha, sau da yawa lambar amfiyar da ke jikinsa ta fi ƙarfin aikinsa.

Wanda ya ƙara wa motar AC ko manyan fitilu zai fi jin daɗin altanato na zamani mai katawut a cikinsa, amfiya 70 ko sama. A nan ake yawan yin asara. Fulen zamani mai layi-layi ne, bel ɗin 504 kuwa mai siffar V, dole a musanya fulen kuma ya daidaita da na inji, in ba haka ba bel zai riƙa cinyewa. A cire tsohon katawut na waje gaba ɗaya, a sa waya mai kauri, aƙalla milimita 10 murabba'i, daga ƙafar altanato mai alamar B+ zuwa batir. Ƙafar altanato mai alamar D+ tana buƙatar wuta ta cikin ƙaramin ƙwai mai kamar wat 2 kafin caji ya fara. In das ɗinka babu fitilar caji, a ƙara ta, kuma kada a sa ƙwan LED, wutar da yake wucewa da ita ba ta isa ta tayar da altanato.