Allurar korona a cikin mota: yadda muka kwashe ni da Hajiya

Ranar 13 ga Janairu 2021 na ga a labarai an buɗe wurin allurar korona a filin ajiye motoci na wurin wasan Disneyland da ke Anaheim, jihar Kalifoniya ta Amurka. Tun Maris 2020 aka rufe wurin wasan, fili kuwa ga shi nan fetal ba kowa. Ban kawo a raina cewa mu ma a nan jiharmu irin wurin za a tura mu ba, sai ga shi ƙarshen watan na samo wa Hajiya gurbi a wani filin wasa da ke bayan gari. Shekarunta 72, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Kwana huɗu na yi ina tashi da asuba ina latsa shafin rajista kafin a dace.

Namu na cikin mota ne, ba a fitowa. Ana bin layi tsakanin robobin nan masu ruwan lemo na raba hanya har a isa ƙarƙashin tanti, manyan lilon nan na ƙarfe suna tsaye can nesa shiru. Ba a karɓi ko sisi ba.

Da muka iso, wani saurayi ya leƙo da allura, ya ce a ɗaga hannun riga har kafaɗa. Hajiya na sanye da doguwar riga mai matsattsen hannu, ga rigar sanyi, ga hijabi. Damtsen ba zai fito ba sai ta zare hannu gaba ɗaya ta wuya. Ta dube ni ta ce, "Ke, a gaban namiji? Ja motar mu tafi gida." Na san halinta, in ta faɗa ta zauna. Gabana ya faɗi, ga motoci jere a bayanmu, ga wahalar da na sha kafin in sami gurbin.

Na yi wa yaron bayani murya na rawa. Ko fuska bai ɓata ba. Ya ja da baya ya kira wata nas, dattijuwa, ta zo da bargo. Ta ba ni gefe ɗaya na riƙe ta ciki, ta maƙale ɗayan a saman ƙofa, ta tsaya da jikinta ta tare tagar. Ta jira Hajiya ta zare hannu a natse, ba ta ce mu yi sauri ba ko sau ɗaya. Kafin Hajiya ta gama bisimilla an gama. Matar ta taya ta mayar da hijabi, Hajiya na ta sa mata albarka da Hausa, ita kuma tana murmushi ta cikin takunkumi, idanu kawai ake gani. Wallahi sai da na share hawaye. Aka rubuta lokaci a gilashin mota, muka koma gefe muka jira minti 15, aka ce in an ji wani abu a danna hon.

A ranar, da an ce in ba su maki, cikakke zan bayar. Amma zuwa na biyu har yanzu yana cina. Allurar kamfanin Pfizer aka yi mata, wadda ake yin ta biyu bayan kwana 21, sai ya faɗo tsakiyar Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ta tsare motocin dakon allura a sassan Amurka da dama. Ba na ganin laifin kowa a kan ƙanƙara. Laifin shi ne saƙon ɗage ranar bai shigo wayata ba sai da muka yi tafiyar awa guda muna bakin ƙofa. Babu mutum ɗaya da aka ajiye ya yi wa jama'a bayani, sai kwali a jikin shinge. Tsohuwa ta matsu, banɗaki irin na roban nan yana can ƙarshen fili a kulle. Wurin da aka shirya don tsofaffi, a rasa wanda ya tuna da wannan?

Kwana shida na yi ina kiran lambar da babu mai ɗauka, hankalina a tashe, sai wata 'yar'uwa mai aikin asibiti ta kwantar min da shi, ta ce an yarda a kai har mako shida tsakanin allurar biyu. A rana ta bakwai aka ba mu sabon lokaci.

Da muka koma Hajiya ta sa riga mai faɗin hannu, ta kuma ƙullo dabino a leda don dattijuwar nan. Muka duba tanti uku ba mu gan ta ba, wani ya ce ranar ba ita ke aiki ba. Hajiya ta miƙa wa wadda ta yi mata allurar, ta ce in faɗa mata ta raba da abokiyar aikinta mai bargo.