Gargaɗi ga masu neman tsohuwar fikof a Sakkwato

Jama'a don Allah ku yi hattara, akwai wani dillali da ke sa hotunan tsofaffin fikof a Facebook da gurup gurup na WhatsApp, wai tokumbo ne 'yan Amurka ta Kwatano anka shigo da su, kuɗin ƙasa da na kasuwa amma sai ka tura kafin alƙalami sannan ka ga mota.

Yayana mai fataucin albasa daga Goronyo saura ƙiris ya faɗa. Toyota Tacoma ce 2006, fenti sai sheƙi, inji lafiya lau. Allah ya sa ya ƙi tura komai, munka tafi da bakanike yace sai an hau rami, nan dillalin ya fara "haba Alhaji, mota kamar amarya, ga wani can na jira da kuɗi a hannu". Bakanike ya shiga ƙasa ya ƙwanƙwasa shasi da guduma wajen da sifirin na baya ke kamawa, wallahi da idona na ga bodi fila na zuba kamar busasshiyar laka, ya tura sukundireba ta shige ƙarfen gaba ɗaya. Tsatsa ta cinye, sun cike ramukan sun shafe da baƙin fenti.

Kuma abin sananne ne can Amurka. Gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke cin shasi, har a 2016 Toyota ta amince da sasancin shari'ar tsatsar shasi na kusan dala biliyan 3.4 kan Tacoma 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Ka loda wa irin wagga buhunan albasa ka hau hanyar Achida, ga yaran mota zaune bisa kaya, ai rayukan mutane ne.

Dillalin yana da Ford Ranger 2006 ma. A 2018 Ford da kanta tace masu wasu daga cikinsu su daina tuƙi sam sai an canza eyabag (jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari) na kamfanin Takata, don zafi da laima na lalata sinadarin ciki, in ya fashe gutsattsarin ƙarfe yake watsa wa mutum a fuska da wuya. Munka tambaya yace an gyara tun can, takarda ko ɗaya babu.

Ku karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ku sa a shafin NHTSA na gwamnatin Amurka, kyauta zai nuna in akwai gyaran da kamfani ya kira a kai mota a yi amma ba a yi ba. Mu da munka nemi lambar Ranger ɗin sai ya daina ɗaga waya, amma har jiya hotunan na nan a gurup.