Gidajen da ake ginawa don sayarwa a gefen Kano: abin da fenti yake rufewa

A unguwanni irin su Ɗanbare, Rijiyar Zaki, Jaba da Mariri, gina gida don sayarwa ya zama sana'a. Mutum ya sayi fuloti, ya raba shi biyu ko uku, cikin 'yan watanni ya miƙa wa dillalai mukulli. Tsarin kusan ɗaya ne: ɗaki biyu ko uku da falo, kicin, ɗan sito, tayil har bangon banɗaki, silin roba ko na POP, ƙofar ƙarfe mai sheƙi. Ga wanda haya ta ishe shi, kuma ba shi da lokacin tsayawa kan leburori, wannan sauƙi ne na gaske. Amma yawancin waɗannan gidaje an kashe musu kuɗi ne a inda ido yake gani, an matse a inda ba ya gani.

A fara da girma, don shi ne ba ya gyaruwa. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 murabba'in mita 232 ne. Idan an raba shi biyu, kowane gida ya tashi da 116, a ciki kuma ake son cusa ɗaki uku. Abin da ke biyo baya shi ne ɗaki mai ƙafa 10 da 10. Sa gado mai ƙafa 6 da 6 a ciki, ka kawo wadirob, to amarya sai ta zaɓa tsakanin madubi da wurin shimfiɗa sallaya. Ɗakin kwana na kirki ƙafa 12 da 12 ne zuwa sama. Tsakar gida kuwa ta koma lungu, babu wurin shanya balle na girkin biki. Je da tef ɗinka, kada ka auna da ido, domin ɗaki marar kaya mai farin tayil kullum yana nuna ya fi girmansa. A auna tsayin silin ma. Ƙafa 10 ake so. Wasu sukan rage layin bulo ɗaya ko biyu a duk gidan, sai a watan Afrilu mai gida ya gane abin da aka yi masa.

Bulo shi ne babban wurin ha'inci. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 zuwa 35 ba, amma akwai masu buga 50 da shi, kuma ba a ba shi ruwa yadda ya kamata. Tunda an riga an yi filasta, a duba katanga ta baya ko saman bango ta cikin silin, inda ba a shafe ba. A karce da ƙusa. Idan yashi yana zubowa kamar gari, haka sauran gidan yake. Bangon waje mai inci 6 ma alama ce ta tsimi, ya fi shigo da zafi kuma bai kai mai inci 9 ƙarfi ba.

Sai fandisho. Gidan da aka yi wa daɓen kankare a kan leda kafin a ɗora bango ba ya jan danshi. Wanda aka cika da ƙasa kawai aka shimfiɗa tayil, damina ɗaya ta isa: fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa kamar ƙafa biyu, farin gishiri ya fito, tayil ya fara ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa. Sabon fenti yana ɓoye wannan na 'yan watanni, shi ya sa gidan da aka gani a Janairu ya kamata a sake ganinsa a Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi. A lura ko daɓen gidan ya fi titi tudu, kuma ina ruwan layin yake bi. Tsaga siririya a filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ita ce ke nuna ƙasa tana zama ko linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ba ta da isasshen rodi. Rodi mai milimita 12 ake sa wa linta, kwaɓin kuma siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu.

Rufi ba ya buƙatar dogon bayani. Kwanon alminiyam kada kaurinsa ya gaza milimita 0.45, katako a shafe shi da maganin gara, a kuma ɗaure shi da bango da ƙarfe, in ba haka ba iskar farkon damina ta yaye shi.

Wayarin da famfo su ne suka fi cin kuɗin gyara, don sai an fasa bango. Kaurin wayar fitila murabba'in milimita 1.5 ne, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da hita 4. A kwance soket ɗaya a gani. Sau da yawa 1.5 ce aka ja ko'ina, wani lokacin ma ba tagulla zalla ba ce. A buɗe duk famfunan lokaci guda, a zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga ko yana gangarawa magudana ko yana kwanciya a bakin ƙofa. Abin da ya fi damun mu a ƙananan filaye shi ne kusancin sokawe da rijiya ko burtsatse. Ana son tazarar mita 15 aƙalla, gidan da faɗinsa ƙafa 25 ne kuwa ba shi da wannan sararin, sokawen maƙwabci ma yana jikin katanga.

Takarda ita ce rabin darajar gidan. Da yawa daga cikinsu a filin awon igiya suke, hujjarsu takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Wannan ba ya nufin gidan na rikici ne, amma farashinsa bai kamata ya yi daidai da na mai takardar mallaka ta gwamnati ba, banki kuma ba zai karɓe shi jingina ba. A bincika fayil a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a nemi ganin izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a tabbatar ba a ci hanya ko magudanar ruwa ba. Idan filin gado ne, a ga sa hannun dukkan magada.

A ra'ayinmu, gidan da aka gama tsaf an fi biyan kuɗin kwalliyarsa. Wanda ya fi riba shi ne a sayi kango da aka kai linta ko aka rufa, lokacin da bulo da rodi suke a fili, a ƙarasa da kayan da mutum ya zaɓa. Wanda dole sai gamammen gida, ya biya injiniya ko tsohon birkila wanda ba na mai sayarwa ba ya zagaya da shi, ya kuma ware wani abu don gyaran shekarar farko kafin ya biya la'ada.