Tsohon Doctor Who ko na 2005, da wanne ya kamata ka fara?

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce kana so ka fara kallon Doctor Who sai ka tarar kashi biyu ne, tsoho da sabo, wani ya ce maka in ba daga na 1963 ka fara ba to ba ka kalli komai ba, wani kuma ya ce tsohon asarar data ne kawai. Ni dai amsata ita ce ka fara da na 2005. Amma wanda ya ce tsohon asarar data ne wallahi bai yi masa adalci ba, bari in jera maka su ka gani da kanka.

Ka fara sanin cewa labari ɗaya ne, ba wai an goge na da an sake sabo ba. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe shugaban Amurka Kennedy, ya yi ta tafiya sizin 26 har aka dakatar da shi a 1989, aka yi fim guda a 1996, sai a 2005 marubuci Russell T Davies ya dawo da shi ya ɗora daga inda aka kwana. Shi Doktan ba ɗan Adam ba ne, daga wata duniya yake mai suna Gallifrey, zuciya biyu gare shi, yana yawo tsakanin zamani da zamani a cikin TARDIS, wani shuɗin akwatin 'yan sandan Ingila da cikinsa ya ninka wajensa girma. In ya zo gargara sai jikinsa ya sabunta, fuska ta canza hali ya canza. Wannan dabarar ma dole ce ta kawo ta, a 1966 lafiyar William Hartnell wanda ya fara fitowa a Doktan ta yi rauni, masu shirin suka ƙi bari abin ya mutu suka miƙa wa Patrick Troughton, kuma shi ya sa har yau ake iya canza jarumi labarin bai karye ba.

Babban bambancinsu a wajen tafiyar labari yake. Tsohon yawanci kowane kashi minti 25 ne, labari ɗaya yakan ci kashi huɗu ko shida, kuma kowanne sai an yanke shi daidai lokacin da bos ya ritsa akta, don an yi shi ne a kalla sau ɗaya a sati a kwana ana tunanin yadda za a fita. To kai da za ka je wajen masu turawa a Wunti a cika maka memori ka zauna ka zuba shida a jere, dole ka ga maimaici, a kama Dokta ya gudu a sake kama shi ya sake gudu. Sabon kuwa minti 45 ne, yawanci labari ya fara ya ƙare a zama ɗaya, sizin ɗin farko-farko kashi 13 ne, ga gudu ga kiɗa, wayarka ba za ta cinye caji ba ka san inda aka dosa. Nan kam sabon ya fi dacewa da mai farawa. Sai dai gudun nan yana da nasa aibin, sau da yawa za a ɗaure matsala ta yi tamau sai a minti biyar na ƙarshe Dokta ya ɗaga sukundireban nan nasa mai ƙara ya yi dogon turanci shikenan an warware, abin yana min ciwo sosai. A tsohon ana ba ka lokaci ka san mutanen garin da aka sauka, ka san wa ke cin amanar wa, in aka kashe wani ka ji mutuwar.

Hoto kam ba sai an ja magana ba. Tsohon baƙi da fari ne har 1969, kala ta shigo a 1970, kuɗin aiki kaɗan ne, dodannin da yawa kana gani ka san mutum ne a cikin roba. In wannan zai dame ka to zai dame ka.

Inda mutane suka fi rabuwa shi ne halin Doktan kansa. Na da dattijo ne ko malami, na farkon ma da jikarsa Susan yake yawo, abokan tafiyarsa kamar ɗalibai suke a wajensa, babu zancen soyayya, za ka iya kunnawa a falo da yara ba ka riƙe rimot ba, illa dai dodannin su ba su tsoro. Tom Baker da ya riƙe daga 1974 zuwa 1981, mai dogon mayafin wuyan nan, in ya zaro ido yana murmushi sai ka yarda lallai wannan ba mutum ba ne. Na 2005 kuwa zuciya aka sa a gaba. An nuna an yi wani babban yaƙi mutanensa sun ƙare shi kaɗai ya rage, ga Rose yarinya mai aiki a kanti, ga uwarta da ke ta faɗa ina aka kai mata 'ya. Ka kalli kashin da ake kira Dalek a sizin na farko, Christopher Eccleston da ya fito a Doktan ya shiga wani ɗaki mai duhu da niyyar taimakon wani fursuna, fitila na kamawa ya ga abokin gabarsa ne, Dalek, irin dodannin cikin ƙarfe da mutanensa suka yi yaƙin da su, ɗaure da sarƙa, ya ruga yana dukan ƙofa a buɗe masa, da ya gane makamin abin ba ya aiki sai ya juyo yana masa dariyar ƙeta yana zazzaga masa masifa har yawu na fita. Ban taɓa ganin tsoro da ƙiyayya sun haɗu a fuska ɗaya haka ba. Amma soyayyar da aka cusa lokacin David Tennant da ya gaji Eccleston ta yi yawa a ganina, kuma akwai wuraren da gara ka fara gani kai kaɗai kafin ka kunna wa ƙannenka. Shi ya sa na fi son Donna a duk abokan tafiyarsa, ita abota ce zalla, in ya yi ba daidai ba ta gaya masa ido da ido.

Kar kuma a ce maka tsohon ba shi da zurfi. A Genesis of the Daleks na 1975 an tura Dokta baya ya hana a ƙirƙiri Dalek tun asali, ya haɗa bam ya gama, wayoyi biyu na hannunsa haɗa su kawai ya rage, sai ya tsaya yana tambayar kansa ko yana da hurumin shafe wata halitta gaba ɗaya saboda abin da za ta aikata nan gaba, abokiyar tafiyarsa Sarah Jane na gefe tana ce masa ya haɗa. Duk abin da sabon ya zo ya gina a kan wancan yaƙin, tushensa yana wannan wajen.

Sannan akwai abin da ya sa ni nake jin tsohon kamar da rabonmu a ciki. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge kaset ta sake ɗaukar wani abu a kai, da haka kashi da yawa na Hartnell da Troughton suka salwanta, abin da ya tsira yawanci kwafin da aka sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje ne. A Oktoba 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos. Jos ɗin nan dai tamu, da in ka hau mota daga Bauchi ka bi ta Toro kamar awa biyu ka isa. Kashi tara da duniya ta fidda rai da su suna ajiye a kan kanta sun sha ƙura, adadin waɗanda suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Da su aka cike The Enemy of the World, inda Troughton ya fito biyu, shi ne Dokta shi ne kuma mugun, Salamander, aka kuma samu kusan duka The Web of Fear mai dodanni a ramin jirgin ƙasa na Landan, kashi na uku ne kawai bai dawo ba. Masoya a Ingila da Amurka sun shekara arba'in da wani abu suna jin muryar kawai suna kallon hotuna marasa motsi, ashe abin na maƙwabtanmu.

Shi sabon ma in ka shiga za ka tarar da rigima a cikinsa, masu son zamanin Davies da masu son na Steven Moffat da ya karɓa a 2010 da Matt Smith sannan Peter Capaldi, na Moffat ya fi wasa da kwakwalwa amma wani lokaci yakan ƙulla abin da shi ma da kyar yake kwancewa. Zamanin Jodie Whittaker daga 2018 an yi ta cece-kuce, ni ban ga laifinta ba rubutun ne ya yi rauni. Sai Ncuti Gatwa haifaffen Ruwanda da ya shigo a 2023. Duk wannan ka bari sai ka isa wajen.

Ga yadda zan so ka bi. Ka fara gwada Blink na 2007, labari ne mai zaman kansa, gumaka ne da ba sa motsi sai ka ƙifta ido, in bai kama ka ba to shirin ba naka ba ne data ɗinka ta huta. In ya kama ka sai ka koma kan Eccleston ka taho a jere har ƙarshen sizin na huɗu, daga nan ka leƙa tsohon ta City of Death na 1979 da aka ɗauki wani ɓangarensa a Faris, kashi huɗu ne kuma akwai ban dariya, sai Genesis, sai na Jos, kashi ɗaya ko biyu a dare kar ka haɗa su duka. Kuma in ka je turawa kar ka ce sizin wan kawai, don sizin wan uku ne, akwai na 1963 akwai na 2005 akwai na 2024, ka ce masa na 2005 mai jarumin da ke sa baƙar rigar fata, ka buɗe ka duba kafin ka biya.