Sharhi a Kan Ragar Waya Mai Ido Rabin Inci Bayan Na Kewaye Akurkina da Ita

Duk wanda ya je sayen raga domin akurki, ko a Kofar Ruwa ta Kano ko a wata kasuwar kayan gini, zai tarar da iri biyu a gaban mai shago. Akwai wadda aka fi sani da ragar kaji, mai siririyar waya da aka murɗa, idanunta masu kusurwa 6, faɗin kowane ido inci 1 ko 2. Akwai kuma mai kauri wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, idanunta masu kusurwa 4, ana samun mai inci 1 da mai rabin inci, wato kimanin santimita 1.3. Wannan ta ƙarshe na saya na kewaye akurkin da ke bayan gidana, inda nake kiwon kajin Hausa da 'yan Noiler kaɗan, kuma tun da ta ga damina ta ga hunturu ta ga bazara, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da ita.

Gidana yana bakin gari ne, bayan katangata gonaki ne da wani kwazazzabo, saboda haka maƙiyan kaji ba su da nisa da ni. Da rana shirwa da shaho ne ke shawagi, kuma duk mai kiwo ya san irin kukan da kaza ke yi idan ta hango inuwa a sama, 'yan tsaki su watse su shige ƙarƙashin duk abin da suka samu, amma kafin ka fito daga ɗaki an riga an sure ɗaya. Da dare kuwa aikin na muzuru ne da gafiya da ɓera, ga tunku da ke zuwa da sassafe ko da la'asar sakaliya idan gida ya yi shiru, ga maciji mai bin ƙwai. Ragar kaji ta farko da ke jikin akurkin tana hana kaza fita, wannan kam tana yi, sai dai ba ta hana wani abu shiga. Wayarta tana buɗewa idan aka matsa mata, kare yana yage ta da haƙori, kuma idon inci 2 ƙofa ce a wajen ɓera da ƙaramin maciji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kazar da ta kwanta ta jingina da ragar, wata dabba ta ziro hannu daga waje ta fizge ta ta wuya, da safe na same ta a mace a cikin akurkin da ƙofarsa ke rufe.

Sabuwar ragar ta magance wannan gaba ɗaya. Idon rabin inci bai isa muzuru ya cusa hannunsa ba, ɗan yatsana manuni ma da ƙyar kansa yake shiga, kuma saboda waldar da ke kowace mahaɗa, ido ɗaya ba ya faɗaɗa ko da an ja shi. Na sha ganin sawu a kan yashin da ke gindin akurkin da asuba, wani lokaci har da alamar farce a jikin katako, amma idan na buɗe na ƙirga sai in tarar kajin sun cika. Tun da na rufe saman farfajiyar 'yan tsaki da ita, shirwa ta daina samun komai a wurin, ko da yake har yanzu tana zagayawa. Na san wasu maƙwabta suna shafa wa 'yan tsaki launi domin su ɓatar da shaho, wasu suna kifa musu kwando da rana, kuma ba na raina waɗannan dabaru domin sun tsirar da kaji da yawa a gidajen da ba su da halin sayen raga, amma babu wadda ta ba ni kwanciyar hankalin da rufin raga ya ba ni.

Sai dai wajibi ne in faɗi cewa rabin amfanin wannan raga yana hannun wanda ya kafa ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma a akurki tsagar takan kasance a wurare sanannu: ƙarƙashin ƙofa, tsakanin kwanon rufi da katako inda kwanon ya yi tudu da kwari, da kuma gindin raga inda ta taɓa ƙasa. Kafintan da ya yi mini aikin ya haƙa rami mai zurfin ƙafa 1, kimanin santimita 30, a kewayen akurkin, ya saukar da ragar ciki, ya lanƙwasa bakinta ya fuskanci waje, sannan aka mayar da ƙasa aka danne da duwatsu. Dalilin lanƙwasawar shi ne dabba mai tono tana fara tononta ne daga gindin bango, idan ta ci karo da waya a kwance sai ta haƙura, domin ba ta da dabarar ja da baya ta fara daga nesa. Na ga wannan da idona a tsakiyar damina, lokacin da gafiya ta tona rami a kusurwar gabas har ta bayyana wayar, ta bar tulin jar ƙasa a wurin ta tafi. Wajen manna ragar da katako kuma bai yi amfani da ƙusa tsirara ba, domin kan ƙusa yana zamewa ta cikin ido. Ya huda murafen kwalbar lemo ya sa ƙusa ta tsakiyarsu, kowane murfi ya danne wayoyi da dama a lokaci guda, ya jera su da tazarar kamar taƙi ɗaya. Dabara ce mai arha, kuma har yau babu inda ragar ta saki.

Aibinta na farko shi ne tsada. Kuɗinta ya fi na ragar kaji nesa ba kusa ba, kuma ga mai kaji 5 ko 6 yana iya zarce kuɗin kajin kansu, don haka ban ga laifin wanda ya tsaya ya yi lissafi ba. Na biyu, tana da wuyar sarrafawa. Idan aka warware ta daga naɗinta takan nemi komawa, yankanta sai da almakashin kwano, kuma bakin da aka yanka yana da tsini mai yanka hannu, yana kuma iya tsone wa kaza ido idan ba a lanƙwasa shi ko an rufe shi da katako ba. Na uku shi ne tsatsa. An lulluɓe wayar da sinadarin da ke hana tsatsa, amma a bakin da aka yanka da kuma ɓangaren da ke binne, inda kashin kaji da danshi suke haɗuwa, na fara ganin ja-ja bayan damina. Ban ga ta karye ba tukuna, na dai shafe wuraren da fenti, kuma ina sa ran wannan ɓangaren ne zai fara neman canji. Yana da kyau mai saye ya taɓa wayar da hannunsa kafin ya biya, domin a kasuwa akwai mai kauri akwai mai laushi duk da sunan rabin inci, kuma wadda ke lotsawa da zarar ka danna ta da babban yatsa ba za ta yi ƙarko ba.

Akwai kuma abubuwan da ba ta iya ba, waɗanda bai kamata a ɗora mata ba. Kwarkwasa tana ratsa ta kamar babu komai, kuma idan ta afka wa 'yan tsaki da dare ɓarnar ba kaɗan ba ce, saboda haka ina zuba toka a kewaye ina kuma share ragowar dusa kafin magariba. Ƙananan ɓerayen cikin ɗaki suna iya matsawa su wuce ta rabin inci, sai dai su abinci suke bi, kuma barin abinci a ƙasa shi ke jawo su, su kuma su jawo maciji. Ba ta tare iskar hunturu, dole in rataya buhuna a gefen da iskar ke kaɗawa. Ba ta hana cutar Newcastle da ke share kaji a lokacin sanyi, wannan sai allurar rigakafi irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke samarwa. Ɓarawo mai filaya kuma zai yanke ta cikin ɗan lokaci, shi ya sa na sa sakata da kwaɗo, na kuma gina akurkin kusa da tagar ɗakina. Sannan kajin da nake saki su yi kiwo a tsakar gida da rana suna wajen kariyarta, kuma a cikinsu na rasa wata budurwar kaza a bakin karen da ya shigo ta ƙofar baya.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ko zan sake sayenta, amsata ita ce zan saya, musamman saboda 'yan tsaki. Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe, kuma abin takaici ne a ce ta fito da 10 amma a ƙarshen wata saura 3, alhali ba cuta ce ta ɗauke su ba. Wanda kuɗinsa bai kai ya kewaye akurki duka ba, shawarata ita ce ya fara da ƙaramin kejin uwa da 'ya'yanta, ya rufe shi sama da ƙasa da kowane gefe, sannan idan hali ya samu ya sa mai rabin incin a mita 1 na ƙasan babban akurkin da tagogin shan iska, ya bar ragar kaji mai arha a can sama domin tare shirwa.