Ashe gilashin lafiya lau yake: sharhi kan wani mai gyaran kwamfuta a Tawa

Wanda kwamfutarsa ta fara nuna zane-zane da haruffa a hargitse, kada ya yi saurin biyan kuɗin sabon gilashi. Na kai tawa wurin wani matashi mai gyara a bayan babbar kasuwar Tawa, na biya jikka biyar, kuma ko kwance ta bai yi ba. Na gamsu da aikinsa, amma ina da ƙorafi biyu.

Sana'ata buga takardu ce, yawanci na ɗaliban jami'a. Kwamfutar tsohuwa ce, kuma da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025 sai aka sa mini Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta, a madadinsa. Tana aiki sumul, har ranar da ta sabunta kanta. Daga nan haruffa suka fara karyewa, wasu murabba'ai masu launi suna bayyana, wani lokaci guntun shafin da na rufe ɗazu ya dawo ya zauna a kan sabo. Mai gyara na farko ya duba, ya ce zafi da ƙura sun kashe gilashin. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, wa zai musa?

Shi wannan yaron cewa ya yi: "Baba, ku bari mu tambayi na'urar tukuna." Ya danna maɓallin ɗaukar hoton allo, ya tura hoton a wayarsa. Ga ɓarnar nan a waya, yadda take. Ya ce da gilashin ne ya mutu, da hoton ya fito tsaf, don kwamfuta ba ta ɗaukar hoton gilashi, abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta take kwafewa. Ya jona talabijin da wayar HDMI, nan ma haka. Wannan gwaji kaɗai ya isa kuɗin da na biya.

Sai zargi ya koma kan RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, tunda irin wannan kwamfuta ba ta da katin hoto na daban, ɓangaren hotonta a ƙwaƙwalwar gaba ɗaya yake aron wuri. Ya bar Memtest86+, manhajar gwajin RAM, tana bincike har kwamfutar ta kwana, ba a sami kuskure ba. Da safe ya kunna ta, ya tsaya a jerin GRUB, wato zaɓin da ke fitowa kafin Linux ta tashi, ya zaɓi tsohon kanel (zuciyar Linux), wanda Linux ba ta gogewa nan take bayan sabuntawa. Allo ya fito tas. Ya koma sabon, ɓarna ta dawo.

Kanel shi ne zuciyar Linux, shi ke raba wa kowa wuri a ƙwaƙwalwa, shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4. Ɓangaren hoto yana karatu da rubutu a wurin kai tsaye ba tare da ya bi ta firosesa ba. Akwai kuma wani mai gadi da ake kira IOMMU, wanda ke duba adireshin da kowace na'ura ta nema kafin ya bar ta ta shiga. A tsohon kanel mai gadin yana kashe, sabon ya zo da shi a kunne, tsohon ɓangaren hotona kuma bai jitu da shi ba. Ya buga dmesg, umarnin da ke fito da rahoton kanel, ya nuna mini layukan da ke ɗauke da DMAR, alamar saƙonnin mai gadin, inda ake ta ƙin buƙatun ɓangaren hoton. Maganin ɗan rubutu ne da ya ƙara a saitin GRUB, mai ƙarewa da igfx_off, wato mai gadin ya ƙyale ɓangaren hoto kaɗai, ya ci gaba da tsare sauran.

Na tambaye shi, da hakan bai yi ba fa? Ya ce sai git bisect, hanyar farautar canjin da ya kawo matsala: kowane sabon kanel, da ke fitowa duk mako 9 zuwa 10, yana ɗauke da canje-canje sama da 10,000, ana raba su biyu ana gwadawa har a kama mai laifin, wato a harhaɗa kanel a gwada shi wajen sau 14 ke nan. Na yi dariya. Da yadda wuta ke ɗaukewa a nan, babu mai yi maka wannan a jikka biyar.

Ƙorafina na farko, bai faɗa mini da kansa cewa gyaran ya rage wani ɓangare na tsaro ba, sai da na matsa da tambaya. Ga mai buga takardu irina ba wani abin tashin hankali ba ne, amma haƙƙin mai kaya ne ya sani. Na biyu, bai rubuta abin da ya canza ba. In aka sake girka Linux gobe, saitin zai tafi, matsalar ta dawo, wani ya sake cewa gilashi ne. Sai da na sa shi ya rubuta mini a bayan rasit.

Shagon ƙarami ne, babu wurin zama, kuma ba ya sauri: wanda ke son kayansa kafin la'asar zai ji haushi. Ku je da cajarku, ku kwashe muhimman takardunku a kan filashi kafin ku bar masa na'urar, don gwajin RAM ɗin sai ta kwana a wurinsa.