Auna rana a bakin gajimare: firanomita mai aiki da zafi ko mai silikon?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: yana son ganin yadda ƙarfin rana ke hawa da sauka daƙiƙa bayan daƙiƙa idan gajimare na giftawa, to wace firanomita, wato na'urar auna ƙarfin hasken rana, zai ɗauka?

Malam, mai aiki da zafi tana da baƙin faifai a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi. Rana na ɗumama faifan, bambancin zafin ya zama 'yar wutar lantarki, wajen maikrobolt 10 a kan kowane W/m² (watt a kan murabba'in mita ɗaya). Tana ganin kusan duk hasken da ke isowa, daga nanomita 300 zuwa 2800, shi ya sa ake dogaro da ita. Matsalarta ita ce jinkirin amsawa. Ƙa'idar ISO 9060 ta 2018 ta yarje wa aji A, mafi inganci, ya kai daƙiƙa 10 kafin ya nuna kashi 95 na canji, aji C kuwa har 30. Gefen gajimare kan kayar da ɗaruruwan W/m² cikin 'yan daƙiƙu, wani lokaci kuma ya tunkuɗo haske ya zarce 1361 W/m² da ake samu a saman sararin samaniya. Na'ura mai nawa za ta shafe wannan tsini, zanen ya fito a kwance.

Mai silikon ba ta jira, cikin ƙasa da milidaƙiƙa ɗaya ta amsa. Sai dai ganinta ya tsaya tsakanin nanomita 400 da 1100. Ruwan gajimare na shanye hasken da ya wuce nan, don haka in an daidaita ta ranar da sama ta washe, a ƙarƙashin lullumi takan nuna fiye da gaskiya da 'yan kashi cikin ɗari. Zafin jikinta ma na karkatar da karatun.

Don aikinka, mai silikon ce. In da hali, a kafa su biyun gefe da gefe: mai zafi ta gyara matsakaicin minti 10, mai silikon ta ba da tsinin.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne na'urar adana bayanai. In tana karatu sau ɗaya a minti, saurin silikon ya tashi a banza. A karanta aƙalla sau ɗaya a daƙiƙa, a adana matsakaici da mafi girma da mafi ƙanƙanta na kowane minti, kamar yadda tashoshin BSRN, cibiyar auna hasken rana ta duniya, ke yi. Agogon na'urorin su zama ɗaya, don tazarar daƙiƙa 2 kaɗai ta isa ta ɓata kwatancen.

Ma'aunin luks kuma, na'urar da ke auna yadda wuri ya haskaka, idon mutum yake kwaikwaya. Watt ɗaya na hasken rana kan ba da lumen (awon hasken da ido ke gani) 90 zuwa 120 ko fiye, gwargwadon yanayin sama, saboda haka kada a juya luks zuwa W/m² da lamba ɗaya. A duba kumfar daidaito da ke nuna ko firanomitar ta zauna daidai, a goge raɓa da ƙura daga gilashi kowace safiya kafin rana ta ɗaga.